Wida ta Jamhuriyar Benin: abubuwan gani da na yi a garin da hanyar bayi ta ƙare a teku

Wida, wadda ake rubuta sunanta Ouidah a Faransanci da kan allunan hanya, gari ne a kudancin Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, a kan babbar hanyar da ta nufi Lome. Mutanen ƙasar suna kiranta Glehwe. Tana cikin jihar Atlantique, kuma ƙidayar 2013 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Wida na da mutane sama da 160,000. Fatake da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kwatano da Lome suna ratsa gefenta kullum, amma kaɗan ne ke tsayawa. Ga Bahaushe kuwa akwai dalilin tsayawa, domin wannan gari yana ɗaya daga cikin tashoshin da aka fitar da mutanen arewa zuwa ƙetaren teku a zamanin cinikin bayi, kuma nan ne waɗansu daga cikinsu suka sake sauka bayan sun dawo daga Barazil. Kwana ɗaya ya isa a ga manyan wuraren, kwana biyu kuma ya fi sauƙi ga jiki.

Taƙaitaccen tarihi

Kafin 1727 Wida tashar ciniki ce ta masarautar Huweda, wadda hedikwatarta ke Savi, 'yan kilomitoci arewa da garin. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci masarautar da yaƙi, daga nan garin ya koma ƙarƙashin sarakunan Abomey, waɗanda suka naɗa wakili mai sarautar Yovogan, wato mai kula da harkar Turawa. Faransawa da Ingilishi da mutanen Fotugal kowannensu ya gina sansaninsa a cikin garin.

Wida ba ta da tashar jiragen ruwa irin ta yau. Garin yana nesa da gaɓa da kusan kilomita 4, akwai kuma ruwa kwance tsakaninsa da teku. Jirage kan tsaya can cikin teku, sai a riƙa kai musu mutane a kwalekwale ta cikin igiyar ruwa mai haɗari. Duk da haka masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta nan tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da tsakiyar ƙarni na 19. Abin da ake biya da shi ya haɗa da wuri, da yadi, da bindigogi, da barasa, da tabar Bahia ta ƙasar Barazil. Jirgin Clotilda, wanda aka sani a matsayin na ƙarshe da ya kai bayi Amurka, daga Wida ya ɗebo mutanensa 110 a 1860. Da cinikin bayi ya mutu sai manja ya maye gurbinsa. Bayan Faransa ta ci Dahome a farkon shekarun 1890, harkar jirage ta koma Kwatano, Wida kuma ta yi sanyi. Wannan sanyin ne ya sa tsoffin gidajenta da unguwanninta suka tsira har yau.

Alaƙar garin da mutanen arewa

A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 a ƙasar Hausa da rugujewar daular Oyo sun jefa ɗimbin mutanen arewa hannun 'yan kasuwar bayi. Ana sayar da su daga hannu zuwa hannu har su iso gaɓar teku a Legas, Badagry, Porto-Novo ko Wida, mafi yawansu kuma a jihar Bahia suka ƙare. A can Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawayen 1807, suka kuma taka babbar rawa a na 1809 da 1814. Tawayen da ya fi shahara, wanda ake kira na Male, ya faru a birnin Salvador a daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan azumi. Musulmin Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa kaɗan, kuma 'yan sanda sun samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe ko aka kama.

Bayan wannan tawaye hukumomin Bahia suka kori 'yantattun bayi da dama, waɗansu kuma suka tashi don kansu. Da yawa sun sauka a Wida, suka zama wani ɓangare na al'ummar da ake kira Aguda. Unguwar Maro ita ce aka fi dangantawa da Musulmin da suka dawo daga Barazil, kuma a nan tushen Musulunci a garin yake. Unguwar Zongo ta zo daga baya, da 'yan kasuwar arewa.

Akwai mutum ɗaya da labarinsa ya tsira a rubuce. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan garin Djougou ne, wanda fataken goro ke kira Zugu, a kan hanyar Kano zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuma asalinta Katsina. An kama shi, aka bi da shi ta Wida a wajajen 1845, aka kai shi Barazil. Ya kuɓuta a birnin New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Mai ziyarar da ya san wannan labari zai fi gane abin da yake takawa idan ya hau hanyar da ta nufi teku.

Hanyar Bayi

Babban abin da ke kawo baƙi Wida shi ne hanyar da ake kira Route des Esclaves, mai tsawon kimanin kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin teku. An tsara ta a matsayin wurin tunawa a farkon shekarun 1990, lokacin bikin Ouidah 92 wanda aka yi a Fabrairun 1993, sannan a 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a wannan gari. Ana iya bin ta da ƙafa cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, har da tsayawa, ko a hau babur. Ya fi kyau a fara daga gari a gangara teku, domin haka tashoshin suke jere.

Tasha ta farko ita ce dandalin Chacha, wanda ake kira Place des Enchères, inda aka ce a nan ake cinikin mutane. Yana gaban gidan iyalin Francisco Félix de Souza, ɗan kasuwar Barazil da ya taimaka wa Gezo ya hau sarautar Dahome a 1818, aka saka masa da laƙabin Chacha da babban matsayi a cinikin garin. Ya mutu a 1849, zuriyarsa kuma na nan har yau a Benin da Togo.

Daga nan sai wurin Itacen Mantuwa. Labarin baka ya ce ana sa maza su kewaya itacen sau tara, mata sau bakwai, don su manta da sunansu da garinsu. Gaba kaɗan, a ƙauyen Zoungbodji, akwai wurin ɗakin Zomayi, ɗaki mai duhu da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Kusa da shi akwai ginin tunawa a kan wurin da aka ce ramin da ake jefa waɗanda suka mutu ko suka galabaita ne. Sai Itacen Dawowa, wanda aka ce ana kewaya shi sau uku domin kurwar mutum ta komo gida bayan ya mutu a baƙuwar ƙasa. A gefen hanya akwai mutum-mutumin siminti da yawa, galibinsu aikin mai sassaƙa Cyprien Tokoudagba ne, suna nuna tambarin sarakunan Abomey da alamomin addinin gargajiya.

Yana da kyau baƙo ya san cewa labaran itatuwan nan daga bakin mutanen gari aka samo su, kuma masana tarihi sun nuna cewa ba duka ne ke cikin rubuce-rubucen wancan zamani ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa ta wannan yanki ake kora mutane daga gari, su haye ruwa, su isa gaɓa.

Hanyar ta ƙare a Ƙofar Da Ba A Dawowa, wato Porte du Non-Retour, babbar ƙofa da aka gina a kan rairayi a 1995 da haɗin gwiwar UNESCO. A samanta an zana jerin mutane ɗaure suna tafiya zuwa jirgi. Bayanta babu komai sai rairayi da teku. Jikokin bayi daga Barazil, Haiti da Amurka kan zo nan su yi addu'a, waɗansu su yi kuka, saboda haka ana so baƙo ya rage hayaniya, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoton wani. A 2024 Benin ta kafa dokar da ta ba jikokin waɗanda aka fitar damar neman zama 'yan ƙasa. Gwamnati ta kuma yi ta manyan gine-gine na yawon buɗe ido a kewayen ƙofar, don haka fasalin wurin yana canzawa daga shekara zuwa shekara.

Sansanin mutanen Fotugal

Daga cikin sansanonin Turawa uku, na Fotugal ne ya rage a tsaye. Sunansa São João Baptista de Ajudá, an gina shi a 1721. Abin mamaki a tarihinsa shi ne Fotugal ta ci gaba da riƙe wannan ɗan fili duk tsawon mulkin mallakar Faransa, har bayan Dahome ta samu 'yancin kai a 1960. Sai a 1961 gwamnatin Dahome ta karɓe shi, jami'an Fotugal kuma suka cinna masa wuta kafin su fita. Daga baya aka gyara shi ya zama gidan tarihin Wida, mai ɗauke da taswirori, da sarƙoƙi, da kayan da aka tono, da bayanin alaƙar Benin da Barazil da Haiti da Kuba. A 'yan shekarun nan an shiga babban aikin gyaransa domin ya ɗauki sabon gidan tarihi na duniya kan bauta, saboda haka a tambaya ko a buɗe yake kafin a nufe shi.

Ɗakin mesa da babbar majami'a

A tsakiyar gari akwai wurare biyu da ke kallon juna, fili kawai ya raba su. Ɗaya shi ne Temple des Pythons, wurin bautar Dangbe, wanda mutanen Huweda ke girmamawa a siffar mesa. A cikin wani ƙaramin ɗaki ana ajiye mesoshi da dama, irin ƙananan nan marasa dafi. Ba a kashe su a garin, idan ɗaya ta shiga gidan wani sai a ɗauke ta a mayar. Masu kula da wurin kan rataya wa baƙo mesa a wuya don hoto, amma ba dole ba ne, wanda bai so ba sai ya ce a'a. Ana biyan kuɗin shiga, ana kuma iya neman ƙarin kuɗi don ɗaukar hoto. Wurin ibada ne ga masu shi, akwai ɓangarorin da baƙo ba ya shiga. Wanda addininsa bai bar shi ya shiga ba zai iya tsayawa a filin ya ga ginin daga waje, ba wanda zai ga laifinsa.

Ɗayan kuma majami'ar Katolika ce, Basilique de l'Immaculée Conception, wadda aka kammala a 1909. A cikinta ne Fafaroma Benedict na 16 ya sa hannu kan wasiƙarsa game da Afirka a Nuwamban 2011. A makarantar horar da limaman Kirista ta Saint-Gall da ke bayan gari aka binne Kadinal Bernardin Gantin, wanda ya rasu a 2008 kuma filin jirgin saman Kwatano ke ɗauke da sunansa.

Kurmin Kpassè

Wannan ɗan kurmi ne a cikin gari, mai manyan itatuwa da inuwa mai sanyi. Labarin gargajiya ya ce Sarki Kpassè, wanda ake dangantawa da kafa garin, ya ɓace ya rikiɗe ya zama itacen iroko, kuma ana nuna itacen har yau. An jera mutum-mutumin abubuwan bautar vodun a ciki, irin su Legba mai tsaron ƙofa, da Hebioso na tsawa, da Sakpata na ƙasa da cutar agana, da Gu na ƙarfe da maƙera. Jagoran wurin kan yi bayanin kowanne. Wani sashe na kurmin a rufe yake ga wanda ba ɗan addinin ba.

Gidajen Aguda da gidan zane-zane

Waɗanda suka dawo daga Barazil sun zo da sana'ar gini da kafinta, suka bar gidaje masu bene da manyan tagogin katako da ado a goshin ƙofa. Yawo da ƙafa a tsoffin unguwanni da safe ko da la'asar ya isa a ga irinsu da yawa, waɗansu an gyara, waɗansu suna zubewa. Mafi kyau a cikin waɗanda aka gyara shi ne Villa Ajavon, wanda aka gina a 1922. Tun 2013 gidauniyar Zinsou ta mai da shi gidan nuna zane-zane da hotuna da sassaƙe-sassaƙen masu fasahar Afirka na wannan zamani. Wuri ne da ya dace da mai tafiya da yara. Sunayen iyalai irin su de Souza, d'Almeida da da Silva da ake gani a kan shaguna duk daga wannan tarihi suka fito.

Ƙauyen gishiri da bakin teku

Kafin a isa Ƙofar Da Ba A Dawowa ana haye ruwa kusa da ƙauyen Djègbadji, inda mata ke yin gishiri. Suna kankare ƙasa mai gishiri a lokacin rani, su zuba ta a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tsiyaye, sannan su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Wanda ya san yadda ake yin gishirin Foga ko mangul na ƙasar Manga zai ga kamanni a aikin. Ana iya sayen gishirin a hannunsu, ana kuma iya ɗaukar hayar kwalekwale a zaga cikin itatuwan da ke tsiro a ruwan.

Bakin tekun Wida yana da faɗi da itatuwan kwakwa, da safe kuma ana ganin masunta sun yi layi suna jan taru da waƙa. Sai dai tekun wannan gaɓa yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki, har waɗanda suka iya iyo yana halakawa. Wanda ya saba da wankan kogi ko tafki kada ya ɗauka iri ɗaya ne. A tsaya a kan rairayi, a riƙe hannun yara.

Lokacin zuwa

Kudancin Benin na da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a wajajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris rani ne, kuma shi ne lokacin da ya fi daɗin yawo, musamman Disamba da Janairu da hunturu ke rage gumi. An daɗe ana bikin addinin vodun ranar 10 ga Janairu, tun 2024 kuma aka faɗaɗa shi zuwa kwanaki da yawa a wannan mako da sunan Vodun Days. A lokacin garin kan cika maƙil, masauki ya yi wuya ya yi tsada. Mai son kallon kaɗe-kaɗe da dodannin Egungun da Zangbeto wannan ne lokacinsa, mai son natsuwa kuma sai ya kauce wa makon.

Yadda ake zuwa da abin da za a tanada

Daga Kwatano motocin haya masu zuwa Comè, Grand-Popo da iyakar Hillacondji duk suna bi ta Wida, tafiyar kusan sa'a ɗaya ce idan cunkoson Godomey bai tsananta ba. Mai zuwa daga Gana ko Togo zai shigo ta Hillacondji, ya wuce Grand-Popo da Comè. Mai zuwa daga Najeriya zai shigo ta Seme ya ratsa Kwatano. Hanyar Nijar ta saba bi ta Gaya da Malanville zuwa Parakou, amma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 zirga-zirga a gadar ta samu cikas, don haka a binciki halin da iyakar ke ciki kafin a tashi.

Benin ta ɗage wa 'yan ƙasashen Afirka biza don gajeriyar ziyara, amma ana bukatar takardar tafiya mai aiki da katin rigakafin cutar shawara. Kuɗin ƙasar sefa ce ta Afirka ta Yamma, irin ta Nijar da Togo. Masu zuwa daga Kamaru da Chadi su lura cewa sefarsu ta Afirka ta Tsakiya ce, ba a karɓarta a kasuwa sai an canza. A cikin gari ana hawan babur ɗin haya da ake kira zem, irin kabu-kabu ko acaɓa. A daidaita kuɗi kafin a hau, a kuma sa hular kwano. Haka ma jagora: a yi magana a kan ladansa da wuraren da zai kai mutum tun kafin a fara. Faransanci da Fon ne harsunan yau da kullum, amma a Zongo da wajen mahauta da masu tsire ana samun mai jin Hausa. Sauro na da yawa saboda ruwan da ke kewaye, gidan sauro ko maganin shafawa zai yi amfani.

Abinci ba ya wuya. Akwai gasasshen kifi da soyayyen agade da ake kira aloko, da akassa wadda ta yi kama da kafa ko agidi, da amiwo, wato jan tuwon masara da ake ci da kaza, da wagashi, cukun Fulani da ake soyawa, da abarbar yankin Allada mai zaƙi, da ruwan kwakwa. Tsire sunansa tchatchanga a nan. A gidajen abinci a tambayi irin naman da ke cikin miya, domin ana cin alade da naman daji a kudancin ƙasar, farin ruwan da ake kira sodabi kuma barasa ce mai ƙarfi. Akwai masallatai a Maro da Zongo, kasuwannin Zobè da Kpassè kuma suna da kayan masarufi da na tsaraba.

Wanda ke da kwana na uku zai iya ƙarasawa Grand-Popo, inda kogin Mono ke shiga teku, ko ƙauyen Ganvié da aka gina a kan ruwan tafkin Nokoué, ko kuma Abomey, inda fadojin sarakunan Dahome suke, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1985. Daga can ne ake ba Yovogan na Wida umarni, kuma yawancin fursunonin yaƙin da Dahome ta sayar daga can suka gangaro teku.